Siffa ko Aiki: Yadda Kotunan Amurka Ke Fassara Da'awar Mai Ƙirƙira

Takardar mallakar ƙirƙira, wato shaidar da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabon abu domin a hana wasu ƙera shi na wani lokaci, tana ƙarewa ne da jerin da'awowi, kuma waɗannan da'awowi su ne iyakar gonar mai ƙirƙira. Rigima takan taso idan aka bayyana wani sashe na abin da aikin da yake yi, ba da siffarsa ba, wanda shi ake kira lafazin aiki.

A ɗauki ƙarfen shanyar tufafi mai naɗewa. Idan da'awa ta ce yana da sashen da aka tanada don riƙe ƙafafunsa a buɗe, ba tare da ta ce ƙugiya ce ko sakata ba, to mai takardar zai so lafazin ya haɗa duk abin da ke iya riƙe ƙafafu, alhali abokin gabarsa, wanda ya yi amfani da maɗauri na roba, zai dage cewa ƙugiyar da aka zana a takardar kaɗai ake nufi. Tun hukuncin Markman na 1996, alƙali ne ke warware irin wannan saɓani, ba juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su taya kotu yanke hukunci, ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata da'awa mai irin wannan lafazi a shari'ar Halliburton ta 1946, sai majalisar dokoki ta halatta shi a dokar mallakar ƙirƙira ta 1952, sashe na 112, bisa sharaɗin cewa idan da'awa ta ambaci aiki kawai ba siffa, za a taƙaita ta ga abin da aka kwatanta a cikin takardar da makamantansa.

Sai dai faɗin lafazi yana da tsada, kuma shari'ar Schreiber ta 1997 ta nuna haka ƙarara. Mai neman takardar ya kawo murfi mai siffar mazurari, wanda ke barin ƙwayoyin gugguru kaɗan su fito a duk girgizawa, amma aka ƙi ba shi, domin akwai wata tsohuwar takarda daga Suwizalan mai bayyana murfi irinsa na tsiyayar mai, wanda kotu ta ga yana iya yin aikin. Wannan hukunci daidai ne, kuma haka zai faɗa kan ƙarfen shanya, domin duk wanda ya ce da'awarsa ta haɗa kowane abin riƙe ƙafafu ya buɗe ƙofa a kawo masa tsohon teburi mai naɗewa a matsayin hujjar cewa bai zo da sabon abu ba. Lauyan da ke rubuta da'awa ya wajaba ya fayyace siffar sashen a cikin takardar tun farko, domin da ita alƙali zai auna iyakar haƙƙin.