Ciwon Gwiwa ga Makiyayi da Mai Fataucin Shanu: Jawabin da Muka Yi wa Taron Ƙungiya

Iyayenmu ardo-ardo, dattawa, sarakunan kara, dillalai, iyayenmu mata, da matasa ƴan bin shanu, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro gida da dukiya lafiya.

Yau ba za mu taɓa zancen burtali da mashaya ba, an sa masa lokacinsa gobe in Allah ya kai mu. Abin da ya tsayar da mu gabanku shi ne gwiwa. Mun ga wasu sun yi murmushi. To, amma da muka zo zama a kan tabarmin nan, mutum nawa ne sai da suka dafa ƙasa ko suka riƙe sanda kafin su kai zaune? Bahaushe in zai yaba zuciyar mutum cewa yake yi yana da ƙarfin gwiwa, in kuwa ya karaya sai a ce gwiwarsa ta yi sanyi. Mu makiyaya wannan magana a jikinmu take. Wanda ke tashi daga gulbin Tarka ya nufi Ingal da damina, ya juyo kudu bayan an kwashe amfanin gona, yana cin kilomita 20 ko fiye a wani yinin, ranar da gwiwa ta ƙi shi garken ya tsaya. Sai ya ɗauki ɗan haya, ko ya fid da yaro daga makaranta, ko ya fara kai shanu kasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Mun zauna da ma'aikatan lafiya da likitocin dabbobi mun yi tambaya, kuma abin da muka fi riƙewa shi ne wannan: ciwon gwiwa iri-iri ne. Mu ne muke haɗa shi duka mu ce masa sanyi, mu sayi ƙwaya guda a kasuwa mu haɗiye. Akwai wanda ke son haƙuri da motsa ƙafa, akwai wanda ke son hutu, akwai wanda in ya kwana biyu bai ga likita ba ƙafar ta lalace ke nan.

Bari mu fara da wanda ya fi yawa, na dattawa. A cikin gwiwa, inda ƙashin cinya ya haɗu da na ƙwauri, akwai guringuntsi mai santsi. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san shi. Da shekaru, da ɗaukar kaya, da tsohon rauni, wannan guringuntsi yakan siranta. Sai mutum ya tashi da safe ya ji gwiwa ta riƙe, in ya ɗan taka ta saki, da maraice bayan yinin kiwo ta dawo da ciwo, wani lokaci har da ƙara kamar ana taka busasshen kara. Iyayenmu mata sun fi maza fama da shi bayan shekara 50, ga kuma tsugunnin tatsa da tulun ruwa da suke sha tun suna ƴan mata. Babu ƙwaya ko allura da ke mayar da guringuntsin da ya tafi, duk wanda ya ce muku yana da ita a cikin jakarsa kuɗinku yake so. Amma ana rage ciwon ƙwarai. Kwanciya kullum ƙara shi take yi, domin naman cinya shi ke riƙe gwiwa, in aka daina aiki da shi sai ya saki. Mutum ya zauna kan tabarma ya miƙe ƙafa, ya ɗaure naman cinya, ya ɗaga ƙafar a miƙe kamar taki ɗaya daga ƙasa, ya ƙirga 5, ya sauke a hankali. Sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. Sai an yi makonni ana yi kafin a ji bambanci, kada a yi kwana 3 a ce ba ya aiki. Sandar nan kuma da muke saɓawa a wuya mu rataya hannuwa, dattijo ya sauke ta ya dogara, kuma ya riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya. Da yawa muna riƙewa a gefen mai ciwo, kuskure ne. Wanda sujada ta gagara, malamai sun faɗa mana addini ya yi sauƙi, ya yi sallarsa a zaune.

Alhazanmu na kara, ku ma kuna ciki, ko da yake ku mota ke kai ku Mai'aduwa da Illela. Naku daga teɓa yake zuwa. Masana sun auna sun ga kowane kilo ɗaya da mutum ya rage a jikinsa yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Akwai kuma wani ciwon da ke kama mai yawan cin nama da hanta da kayan ciki da lemun kwalba: dare ɗaya babban yatsan ƙafa ko gwiwa ya kumbura, ya yi zafi har mayafi ba ya son ya taɓa shi. Wannan yana da maganinsa dabam a gidan likita.

Sai na matasa, watau rauni. Saniya ta yi harbi, ko ana kayar da bijimi ƙafa ta kafe a yashi jiki ya juya, ko yaro ya diro daga saman babbar mota wajen lodi. In targaɗe ne kawai, a huta kwana 2 ko 3, a riƙa ɗora tsumma da aka jiƙa da ruwan randa ko na salka, a naɗe da rawani ba tare da an matse ba, a ɗora ƙafar bisa wani abu in an kwanta. Bayan nan a fara takawa kaɗan-kaɗan. Amma in an ji wani abu ya yi ƙara a ciki lokacin faɗuwar, gwiwa ta cika nan da nan, ko ba ta ɗaukar mutum ko taku 4, ko tana sulluɓewa kamar za ta fita, ko ta sarƙe ta ƙi miƙewa, to jijiya ce ta tsinke ko guringuntsi ya yage ko ƙashi ya tsage. Wannan na babban asibiti ne inda ake ɗaukar hoton ƙashi, kamar Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Galmi. Muna girmama maɗoranmu, sun ɗora ƙafafu da yawa a dajin da babu likita. Sai dai abin da ya yage a cikin gaɓa hannu ba ya ganinsa, kuma yawan murza da ja na iya ƙara ɓarna. Yaro kuma in yana ɗingishi yana kukan gwiwa alhali gwiwar ba ta nuna komai, a duba ƙugunsa, sau da yawa daga can ciwon ke saukowa.

Yanzu ga wanda ba ya jira. Gwiwa ta kumbura, ta ɗauki zafi kamar an kara ta a wuta, ba ta lanƙwasuwa, mutum na masassara. Wannan mugunya ce ta taru cikin gaɓa. Mun gani da idonmu ga wani saurayi ɗan rugarmu. Ya durƙusa zai kama maraƙi, ƙayar aduwa ta shige shi gefen ƙoƙon gwiwa ta karye a ciki. Aka ce abu kaɗan ne. Aka shafa man shanu, da ta kumbura aka kira wanzami ya yi tsaga ya sa ƙaho. Sai da ya kwana 9 aka ɗora shi a amalanke. Likita ya wanke gaɓar ya ceci ransa, amma ƙafar ta sandare, yau ba ya bin shanu, tsaron shago yake yi a gari. Laifin namu ne duka, mu manyan da muka zauna muna cewa bari mu ga gobe. Mugunya tana cinye guringuntsi cikin kwanaki kaɗan. Irin wannan gwiwa ba a tsaga ta, ba a yi mata sakiya, ranar da aka gan ta ranar ake tafiya, ko da za a sayar da tunkiya a biya mota. Dattawa sun tuna yadda kurkunu ke sandarar da ƙafafu haka a da. Alhamdu lillahi, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar da Nijeriya sun rabu da shi, ko da yake masu zuwa wajen Cadi su ci gaba da tace ruwa.

Mun bar na ƙarshe domin shi ne namu na kanmu, wanda mutumin gari bai cika saninsa ba. Kowa a nan ya san bakkale. Saniya ta yi ɓari cikinta ya tsufa, mabiyiya ta ƙi faɗuwa, nono ya ragu, wasu kuma gwiwarsu ta kumbura ta tara ruwa kamar an rataya gora. To, ƴan'uwa, ciwon da ke kumbura gwiwar saniya yana shiga mutum, kuma gaɓoɓi yake nema. Ba sabon abu ba ne ga likitoci. A 1887 wani likitan sojan Ingila mai suna David Bruce ya gano ƙwayar cutar a tsibirin Malta, inda masassara ke kwantar da sojoji watanni. A 1905 aka gane daga nonon awaki take fitowa, da aka hana sojojin shan ɗanyen nonon sai ciwon ya ja baya. Tana cikin shanu, tana cikin awaki da tumaki da raƙuma.

Hanyarta biyu ce babba. Ta farko ɗanyar madara, wadda muke sha da ɗuminta daga hantsa, da abin da aka yi da ita ba a tafasa ba. Tsamin nono ba abin dogara ba ne wajen kashe ta. Ta biyu hannu: mu ne masu zura hannu mu jawo maraƙi, mu ne masu ciro mabiyiya, mu ɗauki ɗan ɓari mu jefa wa kare, ga kaushi da tsaga a hannuwanmu. Wanda ke fasa kumburin gwiwar saniya da wuƙa ko ƙarfe mai zafi, ya sani ruwan nan da ke fitowa yana iya ɗauke da ita.

A jikin mutum takan zo da masassara mai zuwa tana komawa, ta fi tashi da yamma, da gumi cikin dare har tufa ta jiƙe, da kasala, da rama, da ciwon baya da ƙugu da gwiwa. Wasu maza maraina kan kumbura. Sai a ce masassarar sauro ce, a sha magani sau 2 sau 3, ta lafa ta dawo, a ce sammu ne ko iska. Likitan gari ba zai yi tunaninta ba in ba ku buɗe masa baki ba. Ku ce masa: ni makiyayi ne, ina shan ɗanyar madara, shanuna sun yi ɓari bana. A jini ake gwada ta, kuma ba kowane ƙaramin gidan likita ke da gwajin ba, in an tura ku gaba ku tafi. Tana warkewa, amma da magani iri biyu a haɗe, har mako 6 aƙalla. Nan ne muke faɗuwa, domin bayan kwana 10 mutum ya ji ƙarfi, garke ya tashi, sai ya watsar da sauran ƙwayoyin, ciwon kuwa ya dawo. Wanda zai tashi ya karɓi maganinsa cikakke ya sa a jaka tare da shayinsa.

Mun san tafasa madara magana ce mai nauyi. Wani dattijo ya ce mana kakansa da ɗanya ya rayu har ya haura 90. Ba mu musa masa ba. Mu ma da ita aka yaye mu, kuma mun san ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Amma wannan dattijon da kansa shekara 2 yana jinyar ƙugu. Ko ba za a tafasa kullum ba, garken da aka ga ɓari a cikinsa a tafasa madararsa, musamman ta yara da masu ciki, in ta huce a zuba iri a kwantar da ita. Wajen haihuwa a sa hannu cikin leda in babu safar hannu, a wanke da sabulu, ɗan ɓari da mabiyiya a haƙa rami a binne. A kira likitan dabbobi ya gani. Allurar teramisin da muke yi wa saniya ba ta raba ta da bakkale. Ku kuma dillalai, don Allah saniyar da aka san ta yi ɓari kada a sayar wa mai neman ta kiwo a ɓoye masa, a kai ta wajen mahauta, nama in ya dahu sosai ba ya da laifi.

Kalma ɗaya kan masu tallan magani a kasuwa. Farasitamol mai lamba 500, babba ya sha 2 a lokaci guda, kada ya wuce 8 a yini da dare. Dikulofenak da ibufurofen suna kwantar da ciwo, amma wanda ke shan su kullum da wofin ciki, cikin rana, ga ƙishirwa, yana neman gyambon ciki da ciwon ƙoda. Taramol kuwa da yaranmu ke sha don su yini ba su ji gajiya ba, gwiwar tana ci gaba da lalacewa suna tafiya a kanta ba su sani ba, ga kamu da farfaɗiya da yake jawowa. Kuma maganin saniya na saniya ne, kada wanda ya ƙara ɗura wa kansa.

Bayan sallar la'asar za mu zauna a rumfar nan ta gabas. Duk wanda garkensa ya yi ɓari bana, ko yake da mai masassarar da ta ƙi ƙarewa a gida, ya zo ya faɗa wa magatakarda yawan dabbobin da wurin da suke, domin mu haɗa mu kai wa ma'aikatan kiwo da na lafiya kafin a tashi. Mata masu son tambaya za su zauna dabam da wakiliyarsu.