Ƙurajen Fuska

Yau za mu yi magana a kan ƙurajen nan da kan fito wa samari da 'yammata a fuska, da ƙirji, da baya.

Ku sani ba sammu ba ne, ba ƙazanta ke kawo su ba, ba a kuwa ɗaukarsu daga jikin wani. A fatar mutum akwai 'yan ramuka da maiƙo ke fitowa ta cikinsu. Lokacin balaga maiƙon ya kan yi yawa, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ramin. Sa'an nan ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura ya yi mugunya.

To, abin da ya fi ɓata fuska shi ne matsa. Ƙurjin da zai baje da kansa cikin 'yan kwanaki, in an matse shi sai ya bar baƙin tabo na watanni, wani ma har abada. Ku wanke fuska da sabulu sau 2 a rana, da hannu, ban da soso. Kada a bar man shanu ko man kitso ya sauko goshi. Man bilicin kuwa, da yawansa ƙara ƙurajen ya ke yi.

Ku tambayi malamin asibiti maganin shafawa mai suna benzoyil feroksayid. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga amfaninsa, saboda haka kada a gaji. Ya kan kuma cinye launin tufa, a kula.

In ƙurajen manya ne masu zafi, a je ga likita, kada a sayi kafso a kasuwa. Mace mai ciki lalle ta faɗa masa, domin waɗansu magungunan ƙuraje suna cutar da jaririn da ke ciki.