Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki

 

A shekarar 1873 wani malamin Ikilisiyar Girka, Filotiyos Biriyeniyos, ya ci karo da wani tsohon rubutun hannu a birnin da yau ake kira Istambul. A ciki akwai ɗan littafin da masana suka daɗe suna jin sunansa ba su taɓa ganinsa ba, wato Didake, Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu. An buga shi a 1883. Babi 16 ne kacal, kuma yawancin masana suna ganin an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na farko, a yankin Siriya. Ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ba ma daidaita shi da Maganar Allah. Amma yana nuna mana yadda ikilisiyoyin da suka gaji manzanni suka tafiyar da al'amuransu na yau da kullum.

Ya ce a yi baftisma a ruwa mai gudu, in babu a yi da wanda aka samu, in ya yi ƙaranci a zuba a kai sau uku. Wanda za a tura ƙauyen da rafinsa ke ƙafewa da rani zai gane hikimar wannan. Ya kuma hana wanda ke da husuma da ɗan'uwansa shiga taron ranar Ubangiji sai sun shirya.

Inda nake so mu tsaya shi ne batun masu wa'azi da kuɗi. A zamanin, masu shelar bishara suna yawo gari gari, kuma ba duka ne na Allah ba. Littafin ya ba talakawan ikilisiya ma'auni: baƙon manzo ya kwana ɗaya, ko biyu in da larura, in ya kai uku, ko ya nemi kuɗi sa'ad da zai tafi, annabin ƙarya ne. Guzurinsa abincin da zai kai shi masauki na gaba. Haka kuma wanda yake koyar da gaskiya amma ba ya aikata ta, annabin ƙarya ne. Da hali ake auna mutum, komai daɗin bakinsa.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mai karanta Ayyukan Manzanni. A Samariya Bitrus ya tsauta wa Siman da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi. A Koranti Bulus ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa tare da Akila da matarsa, kuma da yake sallama da dattawan Afisa ya tuna musu cewa da hannunsa ya ci da kansa. To yau fa? Muna gani ana sayar da mai da ruwa da sunan addu'a, ana karɓe ɗan abin da gwauruwa ta tara wai ta shuka iri. Wannan abin kunya ne, kuma sunan Almasihu ake zubarwa a idon maƙwabtanmu.

Iyayena dattawa, ku ma littafin bai bar ku ba. Ya ce annabi ko malamin gaskiya da ya zauna cikin jama'a ya cancanci abincinsa, a ba annabin nunan fari na amfanin gona da na dabbobi, in kuma babu annabi a ba matalauta. Ikilisiyar da ta bar fastonta wata da watanni ba albashi ta jefa shi cikin jarraba da hannunta.

'Ya'yana da ake yayewa yau, ina roƙonku, kada ku riƙe baiko ku kaɗai, ku bar ma'aji da dattawa su ƙirga a bayyane. Wanda yake da sana'a ko gona kada ya ji kunyarta. Ku san gidan kowace gwauruwa da maraya a inda aka tura ku kafin ku san gidan mai kuɗi.

Allah ya riƙa muku, ya kai kowa gidansa lafiya.