Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Tarauni Da Gyaɗi-Gyaɗi A Kan Ɗaure Mota



Maganarmu yau a kan motar da aka tsayar bakin kasuwa ce don sauke kaya, sai a sa wa ƙafarta marin ƙarfe ko a ja ta, a ce sai an biya. Motar haya in ta kwana ɗaure, iyalin direba su ke kwana da yunwa.

Ba mu ce a tare hanya ba. Titin Zariya na kowa ne, har da marasa lafiya masu zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, kuma don tsare hanya aka kafa KAROTA a 2012. Amma talaka ma yana da hakki. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai laifin da hukuncinsa suna rubuce cikin doka, kuma sai an ji ta bakinsa. A 2024 Babbar Kotun Tarayya ta hana 'yan VIO na Abuja kama mota da cin tara, gama wannan aikin kotu ne.

To, in abin ya same ku, kada ku yi faɗa, kada ku ba da na goro. Ku ce a rubuta laifin da kuɗinsa, ku ɗauki hoton wurin, ku kafa shaidu. In kun biya, lalle ku karɓi rasit. In ba ku yarda ba, ku nemi a kai ku gaban alƙali, ku sanar da akawun reshe mu tafi tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.