Lacca a kan sojojin Polan da aka kama a yaƙin Hitila

 Yau za mu yi magana a kan sojojin ƙasar Polan. An ce in giwa biyu na faɗa, ciyawa ke shan wuya. A Polan kuwa, shirin giwayen ne ya jawo masifa.

A watan Agusta 1939 Jamus da Rasha suka ƙulla yarjejeniya, a asirce suka raba Polan tamkar 'yan watanda. Ran 1 ga Satumba Jamusawa suka afka mata ta yamma, ran 17 Rashawa suka shigo ta gabas. Kowannensu ya kama sojoji dubu ɗaruruwa.

Jamusawa suka tsare hafsoshi a sansani. Ƙananan soja kuwa, a 1940 aka raba mafi yawansu da matsayin fursunan yaƙi, aka kai su aikin tilas a gonaki da masana'antu. Yahudawan cikinsu aka ware su, aka kashe da dama.

A hannun Rasha, ran 5 ga Maris 1940 Sitalin da majalisarsa suka sa hannu a kan takardar kisa. Aka harbe mutum wajen 22,000 a dajin Katin da waɗansu wurare, ba alƙali, ba shaida. Cikinsu har da malaman makaranta da likitoci da lauyoyi da aka kira aikin soja, watau idanun ƙasa.

Sa'ad da Hitila ya juya wa Rasha a 1941, aka saki fursunonin da suka rage, Janar Anders ya haɗa runduna da su. Da Janar Sikorski ya tambayi inda hafsoshinsa su ke, Sitalin ya ce sun gudu Mancuriya. A 1943 Jamusawa suka tono kaburburan, Rasha ta ce aikin Jamus ne. Ingila da Amurka suka yi gum, domin suna bukatar Rasha a yaƙi. Sai a 1990 gwamnatin Gorbachev ta amsa laifin.

To jama'a, shekara 50 iyalansu suna riƙe da sunaye da wasiƙun mutanensu, ba su daina tambaya ba, ko da ya ke an hana faɗar maganar a fili. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma lalle sai da masu tono. Duk inda aka kama mutum ba shari'a, mu rubuta sunansa, mu yi ta tambaya.