Rana da Kogi Bayin Allah Ne

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore rana da wata, Ya gudanar da ƙoramu a bayan ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Madarunfa da ƙauyukan bakin tabki, Allah Ya karɓi azuminmu.

Karatunmu ya kawo Suratuz Zukhrufi, aya ta 51, inda Fir'auna ya yi shela cikin mutanensa yana alfahari da mulkin Masar da ƙoramun da ke gudana ƙarƙashinsa. Me ya sa ya yi tutiya da ruwa? Ku sani ƙasar Masar hamada ce, ba ta da damina irin tamu. Abincin mutanenta duka yana rataye da kogin Nilu. Kowace shekara yakan cika ya malale gonaki, ya janye ya bar baƙin laka, sannan a shuka. In cikar ta gaza, yunwa ce.

Masana tarihi sun ce mutanen wancan zamani sun mai da wannan cika abin bauta, suka kira shi Hapi, suna zana shi da siffar mutum mai tumbi, suna jefa masa abinci cikin ruwa. Rana kuma suka kira ta Ra. Suka ce da yini yana ƙetare sama cikin jirgin ruwa, da dare ya ratsa ƙarƙashin ƙasa yana faɗa da wani ƙaton maciji, in ya rinjaye shi gari ya waye. Sarkinsu ma laƙabinsa ɗan Ra. Garin da suka fi yi wa rana bauta yana wajen da ake kira Ainu Shamsi a Alƙahira ta yau.

Kada mu ce wawaye ne. Mutanen da suka gina dalar dutse, suka ƙidaya shekara kwana 365, ba su rasa hankali ba. Amfanin gaske suka gani ga rana da kogi, sai suka tsaya ga ɗan aike suka mance Wanda Ya aiko shi. Don haka ne Allah Ya hana sujada ga rana da wata a Suratu Fussilat, aya ta 37, Ya ce a yi ta ga Mahaliccinsu.

Ibnu Kasiri ya kawo labarin cewa bayan buɗe Masar, wajen shekara ta 20 bayan hijira, mutanenta suka zo wa Amru ɗan Asi, Allah Ya ƙara masa yarda, suka ce kogi ba ya cika sai an yi wa budurwa ado an jefa ta ciki. Amru ya hana. Wata 3 kogi bai motsa ba, har mutane suka yi shirin ƙaura. Sayyidina Umaru ya aiko da ƴar takarda a jefa cikin ruwa, ma'anarta: in kogi da ikon kansa yake gudana to ya tsaya, in kuwa Allah ke gudanar da shi to Allah ake roƙo. Kafin safiya ruwa ya hau kamu 16. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin labarin, shi ya sa ba mu gina hukunci bisa kansa. Amma ku lura da watannin nan uku. Ba ranar wadata ake gane tauhidin mutum ba, sai ranar da ruwa ya ja baya, rumbu ya yi sauƙi, tsofaffi suka fara cewa ai don an bar al'ada ne.

To mu dawo gida. Mu ma mutanen ruwa ne. Tabkin nan shi ke ciyar da masuntanmu, shi ke shayar da garken makiyaya, Gulbin Maraɗi kuma shi ne ran fadamunmu. Kakannin wasunmu sun yi yanka don Doguwa da Sarkin Rafi kafin haske ya iso su, kuma ba mu faɗi haka don gori ba, babu gidan da asalinsa ba shi da jahiliyya. Abin da ke damunmu shi ne mai salla, mai azumi, in kifi ya yi wuya ko yaro ya nutse, ya sulale da dare da baƙin zakara zuwa bakin ruwa. Wannan da Hapi mene ne bambancinsu, in ba suna ba? Yanka ibada ce, wanda ya yi ta don wanin Allah ya yi shirka, naman kuwa mushe ne.

Ku duba ma rashin ikon abin. Tun da aka gama madatsar Asuwan a 1970, waccan cika ta shekara-shekara ta daina malale gonakin Masar. Gulbinmu kuma kowa ya san yadda ruwansa ya canza bayan da aka datse shi a Jibiya, cikin ƙasar Katsina. Abin da ɗan Adam ke tsarewa da siminti da ƙofar ƙarfe, yaya zai ji roƙonka?

Wani zai tambaya, to waliyyai 99 da ke kwance kewaye da tabki fa, waɗanda jama'a ke zuwa ziyara lokacin Mauludi? Ziyarar kabari sunna ce. A yi musu sallama, a roƙa musu rahama, a tuna lahira. Amma ba a yi musu yanka, ba a neman ruwa ko haihuwa daga hannunsu. Bawan Allah na ƙwarai shi ne farkon mai ƙin wannan.

In fari ya matsa, shari'a ta ba mu hanya, kuma tana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin da muka karanta a zaure. A tuba, a mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu, har wanda ya ci iyakar gonar maƙwabci ya janye, a yi sadaka. A fita fili da hantsi cikin tufafin yau da kullum, liman ya yi raka'a biyu a bayyane, ba kiran salla ba iƙama, ya yi huɗuba, ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, maza su juya nasu suna zaune, a yi ta addu'a. In ruwa bai sauka ba a sake fita.

Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko daga aya ta 57. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.