Ista a Gida: Jawabin Tsohon Hedimasta a Taron Shekara



Ista takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tsakiyar bazara, sa'ad da rijiyoyi suka janye, rumbuna kuma suka fara sauka. Saboda haka wajibi ne kwamitin shiri ya zauna tun watan Janairu.

Zumuntar Mata su riƙe girki da waƙa. Matasa su yanko ganye domin Lahadin Dabino, su share hanyar dutsen da muke hawa ranar Litinin, wato Galili. Dattawa su rubuta sunayen gwauraye da marasa lafiya, a kai musu abinci har gida. Kada a manta da akushin maƙwabtanmu Musulmi, gama su ma ba sa mantawa da mu ranar Sallah.

Ku mazauna Kaduna, Jos, Abuja da Legas, gudummawarku tana isowa, mun gode. Amma kuɗi ba ya rera waƙa a sujadar asuba. Ku zo da 'ya'yanku. Yaron da bai san ƙofar gidan kakansa ba, yaya zai gina garin nan gobe?

Allah ya kai mu lafiya. Amin.